Wandon da yaro ba zai tuɓe ba: amsa ga wata uwa a Agege

Tambaya: Ɗana shekararsa uku. Duk wandon da na sa masa, ko dai ya tuɓe ya yar, ko ya yi ta ja yana kuka. In na cire masa da yamma sai in ga shatin roba ya yi ja a ƙugunsa, wani lokaci har da ƙuraje. Wanda ya yi masa daidai a tsawo zamewa yake yi, wanda ya kama ƙugu kuma ya ɗangale. A Agege muke, a Legas. Wane irin wando zan nema, kuma saye ya fi ko ɗinki?

Amsa: Hajiya, yaron nan ba rigima yake yi miki ba. Ɗan shekara uku ba shi da bakin da zai ce roba ta ci masa ƙugu ko hantsa, wato tsakanin ƙafafun wando, ta shaƙe shi, tuɓewar nan ita ce ƙorafinsa. Abin da kika zayyana ma ya riga ya nuna inda gizo yake saƙa: shatin daga roba yake, jan wando da kuka daga hantsa, ƙurajen kuma daga yadi da gumi. Lambar shekarun da ake liƙa wa wando ba ta gyara ko ɗaya cikin ukun nan, shi ya sa kike ta canja lamba abin bai canja ba.

Ki fara duban jikin yaron da kyau. Daga shekara biyu zuwa huɗu, yaro tumbi gare shi a gaba, mazaunansa ba su cika ba. Babba yana da ƙashin ƙugu da wando yake zama a kai, yaro kuwa kamar gora yake. In kin auna cikin ɗan shekara uku za ki samu wajen inci 20 zuwa 21, mazaunansa kuma 21 zuwa 23, wato kusan abu ɗaya ne. To me zai riƙe wandon? Roba ce kaɗai. Masu ɗinka na kanti sun san haka, sai su matse ta don kada wandon ya faɗi. Ga shi cikin yaro ba ya zama wuri ɗaya: wandon da ya zauna lafiya da safe, da ya ci tuwo ya kora da ruwa sai ya zame masa ɗaurin goro. Sannan a wannan shekarun tsayinsa yana ƙaruwa da santimita 6 zuwa 8 a shekara, yawanci a ƙafa, amma cikinsa da ƙyar ya ƙara inci ɗaya. Dalilin da ya sa ke nan wandon bara ya ɗangale alhali ƙugunsa na nan daram, na bana kuma ya yi tsawo daidai amma yana sulluɓewa.

Saboda haka abu na farko shi ne tef ɗin awo irin na tela, mai inci a gefe ɗaya santimita a ɗayan. Ki auna shi bayan ya ci abinci, yana tsaye, ki ba shi wani abu ya riƙe don hankalinsa ya ɗauke, domin yara da sun ji tef a ciki sai su shafe tumbin. Ki auna ƙugu a inda wando yake tsaya masa da kansa, ba inda kike so ya tsaya ba. Yawancin yara a gaba wandon yana gangarowa ƙarƙashin tumbi ne. Ki zagaya mazaunai a inda suka fi faɗi, in har yanzu yana sa famfas to a kan famfas ɗin. Ki zagaya cinya daga sama. Ki ɗauki tsawo daga ƙugu zuwa idon sawu, ki kuma jingina shi da bango ki rubuta tsayinsa gaba ɗaya da santimita, zai yi miki amfani a wajen gwanjo. Na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa, har teloli da yawa: ki ɗora bakin tef a ƙugu ta gaba, ki bi da shi ta tsakanin ƙafafu, ki fito da shi ƙugu ta baya. Wannan shi ne awon hantsa. Ki rubuta su a takarda ko a waya, ki sake awon duk bayan wata huɗu zuwa shida. Dabarar nan ta 'yan kasuwa ta naɗa ƙugun wando a wuya don a ga ko zai shiga, ko a babba ma kintace ne, a yaro kuwa ba ta aiki sam.

Robar da ta dace da yaro faɗinta inci ɗaya ne, ko kwata uku na inci. Siririya irin ta kamfai duk ƙarfinta a layi ɗaya yake taruwa, sai ta nutse cikin fata kamar igiya. Mai faɗin inci biyu kuma cikin yaro bai kai tsawon da zai ɗauke ta ba, da ya zauna sai ta ninke biyu ta koma abin da ake gudu. In kina gaban mai sayar da kayan ɗinki, ki ja robar ki duba: wadda take sirancewa in an ja ta tana da cizo, kuma tana saurin murɗewa a cikin kubaka (ninkin ƙugun wando da ake zura roba a ciki), wadda faɗinta bai canja ba, mai laushi a hannu, ita ce ta yara. Wajen yanka, a rage inci ɗaya daga awon ƙugu, a ɗora baki kan baki rabin inci a ɗinke. Yaro mai ƙugu 21 ke nan robarsa 20. In robar mai laushi ce ƙwarai ana iya rage inci ɗaya da rabi, amma kada a wuce biyu. In ya sa, ki zura yatsu biyu tsakanin roba da cikinsa: su shiga ba tare da kin tura da ƙarfi ba. Ɗan shatin da yake ɓacewa cikin 'yan mintuna bayan an tuɓe ba komai ba ne. Wanda ya yi zurfi, ya yi ja, aka yi wanka aka fito yana nan, wannan roba ta yi kaɗan.

Yadda aka sa robar ma yana da nasa. Ta zama a cikin kubaka, yadi ya rufe ta ciki da waje, ba a bar ta tana gugar fata ba. Kubakar ta fi robar faɗi da kwata ɗin inci kawai, don in ta yi yalwa robar birgima za ta riƙa yi a ciki. A kafe ta da ɗan ɗinki a tsaye a gefe biyu da tsakiyar baya, shi ke hana ta juyawa bayan wanki. Akwai na kanti da ake bin robar da layin ɗinki uku ko huɗu a kwance. Yana da kyan gani, amma ɗinkin yana rage mata miƙewa, kuma ranar da ta mutu ba ta ciruwa sai an sha wahala. Sannan yadin kubakar kansa, in an miƙe shi iya miƙewa, ya fi awon mazaunai da aƙalla inci biyu. In bai kai ba, kullum sai an yi kokawa kafin wandon ya wuce ɗuwawu, yaro kuwa ba ya manta wandon da aka sha dambe da shi.

Zariya ba ta yara ba ce, ko da wandon na kaftanin Sallah ne. Ba ta miƙewa in ciki ya cika, ƙullinta a kan cibiya yake zama, kuma ɗan shekara uku da yake koyon zuwa bayan gida da kansa ba zai iya kwance ta ba. Fitsarin wando da yawa a makaranta da Islamiyya ba sakaci ba ne, ƙulli ne ya ƙi kwantuwa, ga shi in ya jiƙe ƙara cijewa yake yi. Bakinta mai reto kuma yana iya sarƙafewa a wajen wasa. Haka zif da bel da maɓallin ƙarfe. Zif yana kama fatar gaban yaro, musamman wanda ba a yi wa kaciya ba ko wanda ba ya sa kamfai, kuma rauni ne mai zafi ƙwarai. Maɓallin jins kuwa bayansa yana taɓa fata, wasu yaran ƙarfen ba ya karɓarsu, sai ki ga ƙuraje sun taru a wuri ɗaya ƙasa da cibiya kamar an zana kwabo. In yaro yana da cibi, wato cibiyar ta bultso waje, robar ta zauna sama da ita ko ƙasa, kada ta bi ta kai. Yawancin irin wannan cibiyar tana komawa da kanta kafin shekara huɗu zuwa biyar, ba sai an ɗaure ta da tsumma ko an danne da kwabo ba. In dai ta yi tauri, tana ciwo, ko yaro yana amai, wannan na asibiti ne nan take.

Yanzu hantsa, wadda a ganina ita ce rabin maganar. Babba yini yake a tsaye ko a kujera. Yaro tsugunno yake, ya hau, ya sauka, ya buɗa ƙafa, ya tanƙwashe ta a tabarma. Duk sanda ya tsuguna, bayansa yana buƙatar ƙarin yadi, in babu sai wandon ya jawo daga inda ya samu: ko ƙugun baya ya sauka ya bar ɗuwawu a waje, ko ɗinkin tsakiya ya shige masa. Wannan ne jan wandon da kike gani. Wandon yaro dole bayansa ya fi gabansa tsawo da inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In kin shimfiɗa wando a tebur kika ga ƙugun gaba da na baya sun yi kai ɗaya, ba ki gane ina ne gaba ina ne baya, to mai ɗinkin bai bar wa mazaunai wuri ba. Kan awon hantsar da kika ɗauka a ƙara inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi na sakewa. Kada kuma a zarce, domin hantsar da ta sauka kusa da gwiwa tana ɗaure taku, yaro ya ɗaga ƙafa zai hau mataki wandon ya riƙe shi, ita ce kuma take fara yagewa. A mazaunai a bar sakewar inci uku zuwa huɗu in yadin ba mai miƙewa ba ne, a cinya biyu zuwa uku.

Gwajin ba wuya. Ki sa masa, ki ajiye wani abu a ƙasa ki ce ya tsuguna ya ɗauka, sannan ya hau kujera, sannan ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa kamar yana gaban malam. Ki tsaya ta bayansa ki duba. In kubakar baya ta sauka fiye da faɗin yatsa biyu, bayan ya yi gajarta. In kin ga yadi ya tattare ya yi layi-layi daga hantsa zuwa sama kamar an ja shi, hantsar ta yi kaɗan. In ya miƙe hannunsa ya tafi baya yana zaro wando, ba sai kin tambaye shi ba. Wandonmu na gargajiya mai yalwar hantsa dama don zaman ƙasa aka yi shi, kuma dabararsa tana aiki a nan: tela ya sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, kamar inci uku da huɗu, a mahaɗar ƙafafun. Yana ba ƙafa damar buɗewa, yana kuma raba ɗinkin da yake taruwa wuri ɗaya. Ki taɓa mahaɗar nan a jikin jins ki ji, ninki huɗu ne na yadi mai kauri suka haɗu suka yi gudaji kamar tsakuwa, a kansa kuma yaro yake zama.

Batun yadi kuwa, Legas ba Kano ba ce. Zafin arewa busasshe ne, gumi yana fita iska ta ɗauke. A nan iskar kanta a jiƙe take kusan duk shekara, gumi ba ya bushewa, sai ya kwanta a ƙarƙashin roba da matsematsi da bayan gwiwa. In yadin bai sha shi ba, ƙofofin gumi su toshe, ƙurajen zafi su feso. Don haka auduga, wadda 'yan kasuwa suke ce wa kotin, marar nauyi. Yadi mai miƙewa irin na singileti ya fi komai daɗi a zaman gida. Yadin kotin na maza mai laushi, da kaki marar kauri, suna kyau a fita unguwa. Atamfa ta gaske da shadda ta gaske auduga ne, amma sai an wanke sun saki. Shaddar da ta sha sitati da bugu tana da kyau a ido, a cinyar yaro kuwa kamar kwali take, in kuma mai arha ce da aka gauraya da roba, ga tauri ga zafi. Jins mai kauri a ajiye shi sai ya girma. Ban da nauyi da gudajin nan, a watan Yuni da Yuli in kin wanke shi yana iya kwana biyu a igiya kubakarsa ba ta bushe ba.

Mai yadi zai ce miki kotin ne ko da ba shi ba ne, don haka ki gwada. Ki damƙe gefen yadin a tafin hannu ki saki: auduga tana yamutsewa ta tsaya a haka, mai roba yana warwarewa sumul. Ki ɗiga ruwa: auduga tana shanyewa, mai roba ruwan ya tsaya a kai ko ya gangare, sai dai sabon yadi mai sitati yana iya jinkirta shan. Wanda ba ya ƙarya shi ne wuta. Ki karɓi ɗan zare daga bakin yadin, ki kunna masa ashana a wajen da ba kaya: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, mai roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri, yana warin leda. In yadin mai duhu ne, ki goga masa farin hankici mai danshi ki ga ko yana zuba, don rinin da ya fita a hankici zai fita a jikin yaro in ya yi gumi. Yunifom ne kawai ba ki da zaɓi, yawanci tetiron ne mai gaurayen roba. A nan sai a yanka shi da yalwa, a sa masa kamfai na auduga a ciki.

Kowane wando, na kanti ko na tela, ki juya cikinsa kafin ki biya. Ki goga ɗinkin a cikin tsintsiyar hannunki, inda fata take da laushi. Zaren wibin, wanda ake bin bakin yadi da shi don kada ya zare, in mai tauri ne za ki ji yana karta. Wasu telolin suna ƙona bakin zare da ashana don kada ya warware, sai ya bar ɗan dunƙule mai tsini da ido ba ya gani, amma fata tana ji. Ki bi da yatsa ki yanke su. Takardar kamfani da ke ƙugun baya kada ki datse ta da almakashi, guntun da ya rage ya fi ta kaifi, ki warware zarenta da reza ki cire ta ɗungum. In an yi wa wandon ado ko aiki a gwiwa, ki duba bayansa, gam ɗin da ake liƙawa yana da kaushi. Tsawon ƙafa ya tsaya a idon sawu. Wanda ya wuce nan takawa zai yi ya faɗi, da damina kuma ya kwaso ruwan kwata ya yini da shi a ƙafa. Ɗinkin fensir da ake yayi ki bar wa samari: bakin ƙafar ɗan shekara uku, a yadin da ba ya miƙewa, kada ya gaza inci 10 zuwa 11 a zagaye, yadda dunduniya za ta wuce ba a ja ba.

To saye ko ɗinki? Na zaman gida da wasa, gwanjo mai kyau yana da wuyar kayarwa, don an riga an wanke shi sau da yawa, ya gama shan ruwa, ya yi laushi. Kasuwar Katangowa tana kusa da ku ta wajen Abule Egba, akwai Yaba, akwai kuma Aswani a Isolo ranar Talata. Ki tambayi mai kaya ranar da yake buɗe dila, ki je da wuri, da tef ɗinki a jaka. Lambobin da ke jiki kala uku ne. Kayan ƙasashen Turai da yawa da tsayin yaro suke tafiya: 92 wajen shekara biyu, 98 uku, 104 huɗu, 110 biyar, don haka tsayin da kika auna a bango shi za ki bi, ki ɗauki lambar da ke sama da shi. Na Ingila shekaru suke rubutawa, 2-3 ko 3-4. Na Amurka za ki ga 2T, 3T, 4T. Masu T ɗin an bar musu wurin famfas a baya, shi ya sa 4T ya fi 4 yalwar mazaunai, 4 kuma ya ɗan fi shi tsawo. Duk da haka lamba jagora ce kawai. Ki shimfiɗa wandon, ki auna ƙugu daga gefe zuwa gefe ki ninka biyu: ba a ja ba ya gaza cikin yaron da inci ɗaya zuwa biyu, an ja kuma ya wuce mazaunansa da biyu. Ki bi ɗinkin tsakiya da tef daga gaba zuwa baya ki gwada da awon hantsarki.

Abu biyu ke kayar da mutane a gwanjo. Ɗaya matacciyar roba: ki ja ta kusa da kunne, in kin ji tana ƙas-ƙas, ko kin saki ba ta koma ba, ta gama aiki, sai dai in kubakar mai buɗuwa ce ki saya da niyyar canjawa. Na biyu kayan sanyi. Wando mai gashi-gashi a ciki yana da laushi a hannu, shi ya sa iyaye suke ɗauka, amma don ƙasar ƙanƙara aka yi shi, hunturun Legas na 'yan makonni bai kai a sa shi ba. Ki ɗaga gwiwa da hantsa a rana ki ga ko sun sirance. Ga yaro irin naki, dogo marar ƙugu, ki nemi wanda yake da roba mai huji-huji da maɓalli a cikin kubaka ta gefe biyu, ana tsuke shi ana sassautawa. Sai dai maɓallan suna taɓa fata, a cusa masa singileti a ciki. Mai roba mai laushi a bakin ƙafa shi ma yana taimako, kina iya ɗaukar mai ɗan tsawo ba zai ja ƙasa ba. Kuma kada ya taɓa jikinsa sai an wanke shi sau biyu warin dila ya fita, ya sha rana da guga.

Na fita da na Sallah kuwa ɗinki ya fi, in kin tsaya a kan telan. Yadi ɗaya ya isa wandon ɗan shekara uku har da saura, ko daga kasuwar Balogun kika yanko ko a nan kasuwar Agege. Ki jiƙa shi, ki wanke, ki shanya, ki goge kafin ki kai, domin auduga tana shan ruwa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wato wando mai tsawon inci 22 yana iya rasa kusan inci guda, hantsar ma ta ragu. Ki tafi da yaron a auna shi, ko ki kai wandon da ya fi so a kwaikwaya. Ki faɗa masa a fili: roba ba zariya ba, mai faɗin inci ɗaya a cikin kubaka, baya ya fi gaba, ba zif, a bar kalmasar inci biyu a ƙafa don a saki in ya ƙara tsawo, a bar 'yar ƙofa a cikin kubaka ta baya don canjin roba. Ki kai da wuri. In Sallah ta matso aiki ya yi yawa, wandon yara sau da yawa yaran shago ake miƙa wa, su kuma fasalin na manya suke ragewa, a nan ake samun gajeriyar hantsa da fensir ɗin da ba a ce a yi ba.

Wanki ma yana mayar da wando mai daɗi abin ƙi. Omo yana maƙalewa a cikin kubaka saboda ninki, in gumi ya taɓa shi sai ƙaiƙayi, don haka ɗauraya uku, ana matsa ƙugun musamman. Ruwan bilic irin su Hypo yana kashe roba da wuri, haka tafasasshen ruwa. Kada a sa wa yaro wandon da ƙugunsa bai gama bushewa ba. A shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba, saboda akwai ƙudan da ake kira tumbu a wannan yankin, yana yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kuma tufafi masu danshi a inuwa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru mai ɗan huji a tsakiya. Guga tana kashe ƙwan. A juya wandon a goge ciki, a bi ɗinki, in ba wuta ko da dutsen gawayi ne. A kan robar dai a rage zafi, a ɗora ƙyalle, a wuce da sauri.

Ƙurajen da suke jikinsa yanzu, in ƙanana ne jajaye a layin roba da matsematsi, ki bar shi da sakakken gajeren wando na auduga a gida, wanka da ruwa marar zafi, a tsane wurin sosai, kada a lafta masa basilin ko man shafawa mai kauri a kai don ƙara toshewa yake yi. Cikin 'yan kwanaki ya kamata su kwanta. Da magariba, saboda sauro, dogon wando marar nauyi mai yalwa. In kin ga sun yi zobe mai ɓawo a gefe, ko suna ruwa ko mugunya, ko da zazzaɓi, ko ƙaiƙayin dare ya kama har da sauran 'yan gida, ko mako ya wuce ba sauƙi, ki kai shi asibiti. Kada ki karɓi man nan na haɗe-haɗe a kemis ki shafa masa, wasu suna ɗauke da magani mai ƙarfi da yake ɓoye ciwon ya kuma sirantar da fatar yaro.

Kafin ki sayi ko ɗaya, ki fito da waɗanda ke gida ki raba su. Masu gajeriyar hantsa da masu yadin roba ba su da gyara, ki ba da su. Waɗanda suka yi tsawo daidai amma suna zamewa, da waɗanda suke cin ƙugu amma hantsarsu lafiya, roba kawai za a canja, kuma ba sai an je wajen tela ba. Ki warware inci ɗaya da rabi na ɗinkin kubaka ta ciki a baya, ki zaro tsohuwar ki yanke. Ki yanka sabuwa daidai awon cikinsa, ba ragi tukuna, ki maƙala fil mai kulle a bakinta ki bi da ita cikin kubakar, ɗaya bakin kuma ki kafe shi a waje don kada ya shige. In ta fito, ki shafa zagayen ki tabbata ba ta murɗe ba, ki ɗora baki kan baki inci ɗaya da rabi, ki riƙe da 'yar ɗaurin zare mai sauƙin warwarewa maimakon fil. Ki bar shi ya yini da shi, ya ci abincin rana ya yi wasansa. Da yamma ki duba ƙugun: in da shati mai zurfi ki sassauta rabin inci, in yana zamewa ki tsuke rabin inci, sannan ki ɗinke ta da kyau ki rufe ƙofar.